Yadda za ki gane ko mawaƙin nan na Japan ya iya aktin ko kyau ne kawai

Tunda fina-finan Japan suka fara shigowa wayoyin 'yan mata a nan Gombe, daga Pantami har Jekadafari, musun ɗaya ne: wata ta ce wallahi yaron nan ya iya, wata ta ce ba wani iyawa, fuska ce da gashi. Akwai hanyar raba gardamar, kuma ba sai kin yi karatun fim ba.

Ki fara da sanin dalilin da ya sa aka ɗauko shi. A Japan yawancin fina-finan soyayya da ake cirowa daga littafi a sa mawaƙi ya fito a ciki, haɗin gwiwa ake yi wajen zuba kuɗi, kamfanin da ya buga littafin, gidan talabijin, kamfanin fim, wani lokaci har da kamfanin da ke riƙe da mawaƙin, kowa na neman nasa. Littafin ya zo da masu karatunsa, mawaƙin ya zo da masoyansa da za su sayi tikiti ko da bango ya tsaya kallo. Wani sa'in ma ƙungiyarsa ce ke rera waƙar fim ɗin, kamar yadda ƙungiyar Snow Man suka yi a fim ɗin da mawaƙinsu Meguro Ren ya fito da Imada Mio a 2023. Wannan ba laifi ba ne, mu ma ai Ali Nuhu ya ɗauko Umar M. Shareef daga waƙa ya sa shi a Mansoor a 2017. Abin nufi dai kada cikar sinima ta ruɗe ki, ba ita ce shaidar iyawa ba.

In kin je wajen masu tura fim ko kina da Netflix, ki tabbatar muryarsa ce ta asali da rubutun fassara a ƙasa. Wanda aka ɗora wa wata murya ki bar shi, don rabin aikin a murya yake, yadda numfashi ke yankewa, yadda kalma ke maƙalewa kafin ta fito. Kuma don Allah a sa abin kunne, kallon irin wannan a tsakar gida ana daka ga kukan janareta ɓata data ne kawai.

Sai ki nemi sanin wane irin mutum ne a littafin, ko taƙaitaccen labarin ne kika karanta ya isa. Ɗauki fim ɗin 2022 da Miki Takahiro ya ba da umarni, wanda aka ciro daga littafin Ichijo Misaki, inda Michieda Shunsuke na ƙungiyar Naniwa Danshi ya fito da Fukumoto Riko. Yarinyar ta yi hatsari, duk abin da ya faru da ita yau in ta yi barci ya goge, sai da safe ta karanta abin da ta rubuta jiya kafin ta san ma tana da saurayi. Shi kuma ɗan makaranta ne mai shiru-shiru, ba mai jan hankali ba, asali ma ƙaryar so ya yi mata don a daina cin zalin abokinsa. To ga jarrabawar nan: mutumin da aka horar ya haska a dandamali, ya nemi kyamara da ido, ya yi murmushin da zai sa dubban 'yan mata ihu, yanzu an ce ya zama wanda in ya shigo aji ba wanda zai ɗaga kai. Ki duba kafaɗarsa, ki duba tafiyarsa, ya yarda ya rage hasken nan ko har yanzu yana tsayuwa kamar za a ɗauke shi hoton kalanda? Fim ɗin ya samu 'yan kallo sama da miliyan ɗaya a Koriya ta Kudu, amma kin ga mun riga mun ce wannan ba hujja ba ce.

Inda ni na fi kama su shi ne lokacin da ba su ke magana ba. Ki cire ido daga yarinyar in tana magana ki zuba masa. Wanda bai iya ba jira yake ta gama ya faɗi nasa layin, fuskarsa a daskare ko yana ta gyaɗa kai ba dalili. Wanda ya iya za ki ga maganar ta shige shi, ido ya kauce, ya haɗiye miyau, ya buɗe baki ya fasa. Ki mayar da wurin baya ki kashe sauti gaba ɗaya, ki rufe fassarar da yatsa, in har yanzu kin san me ke ransa to ya yi aiki.

Kashe sautin yana da wani amfani. Littattafan nan galibi jarumin ne ke ba da labari da bakinsa, to darakta in ya rasa yadda zai yi sai ya ɗora murya a kan hoto tana gaya miki "a ranar na ji tsoro", ga fiyano a hankali, ga hasken yamma ta taga. Kin yi kuka, eh, amma mai kiɗa ne da mai kyamara suka sa ki, ba shi ba. Hawayensa ma kada ki ba shi maki da yawa, ki kalli sakan goman da suka gabaci hawayen, lokacin da yake ƙoƙarin riƙewa.

Sai dai a yi adalci, kada ki auna shi da ma'aunin fim ɗin Indiya. A Japan kunya da kawaici suna cikin soyayyar, sunkuyar da kai da ƙin haɗa ido ba rashin iyawa ba ne, mu da muka san zance a zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Saurayi da budurwa sukan daɗe suna kiran juna da sunan dangi, ranar da ya fara kiranta da sunanta na yanka babban al'amari ne a labarin. Ki jira wannan wurin ki saurara da kyau, in ya faɗe shi salin-alin kamar yana kiran mai Keke Napep, to ki gaya wa ƙawarki ya koma waƙa.