Yadda za ka nemo Wolbachia a jikin tsutsar tundurmi ba tare da sauro ya yaudare ka ba

Ɗaliban Microbiology da Biochemistry na BUK da ke son yin furojet a kan wannan, ku fara gane abin da kuke nema tukuna kafin ku taɓa fifet, wato bututun ɗibar ruwa na ɗakin gwaji. Tsutsar da ke kawo tundurmi da gwaiwa, wato Wuchereria bancrofti, ba ita kaɗai take rayuwa ba, akwai wata bakteriya Wolbachia da ke zaune a cikin ƙwayoyin jikinta, uwa ce ke ba 'ya'yanta ita ta cikin ƙwai. Da aka karanta DNA ɗin Wolbachia ta tsutsar Brugia malayi, 'yar uwar Wuchereria, a 2005 sai aka ga tana da ƙwayoyin gadon haɗa heme (sinadari mai ɗauke da ƙarfe, irin na cikin jini) da riboflavin (bitamin B2), ita kuwa tsutsar ba ta iya haɗa heme da kanta. Shi ya sa shan doxycycline, maganin da ke kashe bakteriyar, na sati 4 zuwa 6 ke hana tsutsar haihuwa har ta mutu a hankali, alhali maganin tsutsa Mectizan ƙananan 'ya'yan kawai yake kashewa.

Da farko sai takardar izini daga kwamitin ɗa'a na asibiti, kada ka ɗibi jinin kowa babu ita. Sannan jinin da dare ake ɗiba, daga ƙarfe 10 zuwa 2, don lokacin ne 'ya'yan tsutsar ke fitowa cikin jini, da rana sai ka duba silaid goma ba ka ga komai ba ka ce mutum lafiya lau yake. Ka ɗiga a takardar tacewa ya bushe sarai, don wutar nan tamu ba a dogara da ita, firiza na iya narkewa kafin asuba.

Bayan ka fitar da DNA, PCR (gwajin ninka gutsuren DNA don a iya ganinsa) biyu za ka yi a samfur ɗaya. Ɗaya da firaima (guntun DNA mai nemo ƙwayar gadon da kake so) ta ƙwayar gadon cox1 don tabbatar da tsutsar tana nan, ɗaya da ta ƙwayar gadon wsp ko ftsZ don Wolbachia. Kuma don Allah ka sa bututu guda mai ruwa zalla, in layi, wato alamar an samu DNA, ya fito masa a jel ɗin duba sakamako to aikinka ya gurɓata, sai sakewa.

To ga inda ake zamewa. Idan sauro ka kama a bakin kwata a Fagge ko Kurna ka niƙa, sauron Culex yana da tasa Wolbachia ko da bai taɓa ɗaukar tsutsa ba, asali ma a jikin Culex aka fara ganinta a 1924. Ni kaina na taɓa ganin layi ɓaro-ɓaro na kwana ina murna, ashe ta sauron ce. Wolbachia ta sauron 'yar rukunin B ce, ta Wuchereria kuma D, sai ka tura an karanta jerin DNA ɗin kafin ka rubuta komai.

Na biyu ya fi wannan dabara: gutsattsarin DNA ɗin Wolbachia sun shige cikin DNA ɗin tsutsar kanta tun zamanin da, an nuna haka a Brugia a 2007, don haka layi na iya fitowa ko bakteriyar ta mutu. Kada ka dogara da ƙwayar gado ɗaya. In kuma wata tsutsar daban mai suna Loa loa ce ta faɗo maka a jini, ita ba ta da Wolbachia sam, ba firaimarka ce ta lalace ba.