Kafin ka sa kwaɗo, kashe wuta daga babban makunni

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Hunturu ya shigo Jos, komai ya bushe ƙamas, kuma duk wanda ya ga yadda Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Idan za ka tashi, ka kashe wuta daga babban makunni, ba soket kaɗai ba. An ɗauke wuta da la'asar, ka manta hita ko dutsen guga a jone, sai a dawo da ita tsakar dare, ba kowa a layi sai maigadi. Jiya na leƙa shagon maƙwabcina, na tarar an haɗa waya da guntun baƙar leda, tana kwance kan dilar atamfa, har ledar ta fara narkewa. Na ce, "Alhaji, wannan ai garwashi ka ajiye cikin auduga." Mai gyaran wuta bai yi minti 20 ba ya canza ta.

A ajiye bokitin yashi kusa da ƙofa. Gobarar lantarki da ta fetur ba a watsa musu ruwa, ta farko ta ja ka, ta biyu ta ƙara bazuwa. Janareta kuma a bari ya huce kafin a zuba mai.

Masu baza kaya har tsakiyar hanya, don Allah ku ja baya kaɗan, motar kwana-kwana ba tashi sama take ba. Lambar gaggawa 112 ce, ku adana ta a waya.