Yadda ake zaga birnin Rum a yini ɗaya

Yini ɗaya ba ya ɗaukar Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, da gidan tarihin Vatikan tare. Duk wanda ya dage sai ya haɗa su, a layi rabin yininsa zai ƙare. Ka tsaya kan tsohon gari, wanda ƙafa ke iya ratsawa.

Tun kana gida ka sayi tikitin Kolosiyam ta intanet, a shafin hukumar da ke kula da wurin. Yuro 18 ne, kuma da shi za ka shiga Foro Romano, kufan dandalin tsohuwar Rum, da tudun Palatino. Tikitin na ɗauke da sunanka da lokacin shigarka, don haka riƙe fasfo. In sunan ya saɓa ko ka makara, ana iya mayar da kai daga ƙofa. Nemi ƙarfe 8:30 ko 9 na safe, kafin rana ta take. Lahadin farko ta kowane wata shiga kyauta ce, amma cunkoson ranar ba ya barin ka ga komai.

Daga tashar Termini ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B. Tasha ta biyu ita ce Colosseo, kana fitowa ginin na gabanka. An buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya, zamanin sarki Titus. Awa ɗaya ta ishe shi, ka ba Foro da Palatino awa biyu. Inuwa ba ta da yawa a can, sai ka tafi da hula da gorar ruwa. Ba sai ka sayi ruwa ba: famfunan ƙarfe da ake kira nasoni suna ko'ina a titi, ruwansu na sha ne. Toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai tsarto ta wata 'yar ƙofa a sama.

Wajen azahar ka bi Via dei Fori Imperiali zuwa Piazza Venezia, ka kutsa lunguna neman abinci. Nan ake son lura. Carbonara da amatriciana da gricia, taliyar da Rum ta yi suna da ita, duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade. Cacio e pepe kuwa cuku ne da masoro kawai. Mai son naman halal sai ya nufi unguwar Esquilino, kusa da Termini. Kofi a tsaye gaban kanta ya fi arha nesa ba kusa ba kan na zaune a tebur.

Pantiyon ke biye. A Yulin 2023 aka fara biyan kuɗin shiga, yuro 5 a lokacin, kuma da yake coci ne, sai an rufe kafaɗu da gwiwoyi. Ɗaga kai ka kalli ƙubbar: faɗinta ya haura mita 43, siminti ne ba ƙarfe a ciki, tana tsaye tun zamanin sarki Hadrian, da buɗaɗɗen tsakiya da ruwan sama ke zubowa ta nan.

Tafiyar minti goma ce zuwa maɓuɓɓugar Trevi, wadda aka kammala a 1762. Jakarka ta dawo gaba, domin 'yan sane sun fi aiki a nan da cikin bas mai lamba 64. Ka ƙarasa matakalar Piazza di Spagna, amma kada gajiya ta sa ka zauna a kai. An hana tun 2019, kuma akwai tara.

Titunan an shimfiɗe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu santsi in an yi ruwa, takalmi mai tsini ko sabo fil wahala ne. In ranar Juma'a ce, babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari: jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio, sauka a Campi Sportivi. Sai dai a ranar ka rage Palatino, in ba haka ba huɗuba ta wuce ka.