Yadda Ake Amfani da Kalmar "Rauni" Ba Tare da an Rikita Mai Sauraro Ba

Rauni kalma ce mai fuska biyu, kuma aikatau da ke gabanta shi ke nuna wace fuskar ake nufi. Idan aka ce "ya ji rauni" ko "ya samu rauni", ana maganar ciwo ne a jiki: yanka, ƙujewa, sara. Wannan ne kaɗai ke da jam'i, wato raunuka. Idan kuwa aka ce "ya yi rauni" ko "yana da rauni", ƙarfi ne ya ragu. Ganin tsoho ya yi rauni, muryar mai jinya ta yi rauni, hujjar mai ƙara tana da rauni. Ba a cewa "raunukan imani", sai dai raunin imani.

Inda masu rubutu suka fi tuntuɓe shi ne tsakanin raunata da raunana. Hatsarin mota ya raunata fasinjoji, ma'ana sun jikkata. Zazzaɓi kuwa raunana mutum yake yi, ya bar shi ba kuzari ko da fatarsa ba ta ƙwarzane ba. Haka malaman hadisi ke cewa an raunana ruwaya, idan aka samu mai ruwayar da haddarsa ba ta da ƙarfi ko isnadin, wato jerin masu ruwayar, ya yanke. Wanda ya rubuta "an raunata hadisin" ya kauce. Siffar abin da ya yi rauni ita ce rarrauna, jam'inta raunana.

Kada a ɗora wa rauni kowane kaya. Abin da ke karyewa ƙaras da an ɗan matsa shi, kamar busasshen kara ko ɓawon ƙwai, gautsi gare shi. Mai ihu tun allura ba ta taɓa shi ba raki ne da shi. Wanda jikinsa ya mutu bayan ya ƙoshi da tuwo kasala ce ta kama shi. Ciwon da ya daɗe yana ruwa ya tashi daga rauni ya zama gyambo.

A kula da kalmar la'ifi. A zauren karatu tana nufin hadisi mai rauni, amma idan aka jingina ta ga namiji, zancen ya koma na rashin ƙarfin mazakuta, kuma cin fuska ne babba. Kumama ma tana da ɗaci idan aka faɗa wa mutum a gabansa. In ana maganar marayu, tsofaffi da marasa lafiya, a ce "masu rauni", domin tana jawo tausayi ba tare da ta zubar musu da mutunci ba.