Kaduna zuwa Legas ta jirgin sama: yadda ake lissafin lokaci

’Yan’uwa da suka zo Kaduna daga Maraɗi, Damagaram ko Kumasi sukan ɗauka cewa lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne tsawon tafiyar. A nan ake yin asarar jirgi.

Tsakanin filin jirgin Kaduna da na Murtala Muhammed a Legas akwai kimanin kilomita 635 a miƙe. Jirgi yakan cinye ta cikin awa ɗaya da ’yan mintoci, amma tikiti kan nuna fiye da haka, domin ana haɗawa da lokacin da jirgi ke gangarawa kan titinsa yana jiran izinin tashi. Wannan shi ne ƙaramin kason tafiyar.

Filin jirgin Kaduna yana bayan gari, wajen kilomita 22 ta arewa maso yamma, ta hanyar Mando. Mai zama Kawo ko Unguwar Dosa ya huta. Wanda yake Barnawa ko Sabon Tasha kuwa sai ya haye kogi ya ratsa gari, don haka ya ware awa guda cur, musamman da safe lokacin da ’yan makaranta da ma’aikata suka cika titi. A isa da saura awa biyu. Ana rufe teburin tantance fasinja tun kafin lokacin tashi, kuma in an rufe, magiya ba ta buɗe shi. A riƙe fasfo a hannu, sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na tikiti harafi da harafi. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba cikin akwatin da za a auna ba.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka. Jirgin da zai ɗauke ku galibi daga Legas yake tasowa, in bai samu sauka ba ku ma kuna zaune a kan benci. Saboda haka duk mai jirgin ƙasar waje da zai kama a Legas, kada ya kuskura ya haɗa shi da na Kaduna rana ɗaya a wannan lokaci. Ya sauka tun jiya, ya kwana. Kuma a can ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje, sai an shiga mota.

Abuja kuma ba ta kai a neme ta ta sama ba, tazararta daga Kaduna ba ta cika kilomita 200 ba. Jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, shi ake hawa. Mutumin Ghana ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya. Na Nijar lokacinsa ɗaya da na Najeriya.