Yadda za ka buga Doom a Game Boy Advance ba tare da dodanni sun gama da kai ba

Wanda ya saba buga Doom a kwamfuta, ranar da ya fara riƙe na Game Boy Advance (GBA), 'yar na'urar buga gem ta hannu, sai ya ji kamar an ɗaure masa hannu ɗaya, don maɓallan kaf ɗinsu A da B ne sai L da R a sama, Start da Select, da na kibiyoyi. Doom gem ne na harbi da kamfanin id Software ya yi a 1993, kamfanin Activision kuma ya fito da na GBA a 2001, labarin kuma yana nan yadda yake: kai soja ne kai kaɗai a sansanin kamfanin UAC da ke Phobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mars, masana sun yi ta gwajin wata ƙofa ta tsallaka wuri zuwa wuri har shaiɗanu suka ɓarko ta cikinta.

Kafin ka harba ko harsashi ɗaya gyara haske tukuna. GBA na farko ba shi da fitila a sikirin, ga shi ɗan ƙarami, ga Doom dama can gem ne na duhu, to in ka zauna a ɗaki da yamma wallahi ba abin da za ka gani sai dai ka ji ana ta dukanka. Zauna inda haske ke zuwa ta bayanka, ka shiga saitin ka ƙara haske. In kana da samfurin GBA SP ɗin nan na 2003 mai fitila ko na'urar DS Lite, wanda kaset ɗin GBA ke shiga ta ƙasansa, ka huta.

Sai babban abin, L da R. Su ne ke zamar da kai gefe alhali fuskarka na kallon dodo, kuma duk gem ɗin a kansu yake. Sabon shiga sai ka ga ya tsaya ƙyam yana juyawa da kibiya yana harbi, ai kuwa ya sha wuta. Jan-ƙasan dodon nan da ake kira Imp dunƙulen wuta yake jifa, kuma a hankali yake tahowa, kana ganinsa ka danna L ya wuce, ka harba, ka dawo da R. Yi ta yi a matakin farko, Hangar, har yatsunka su saba. Amma fa sojojin da suka koma dodanni masu bindiga ba a kauce musu haka, harsashinsu nan take yake isowa, don haka su ake fara kaɗawa in ka shiga ɗaki, ko ka laɓe bayan bango su biyo ka ɗaya bayan ɗaya.

Kar ka damu da saita bindiga sama ko ƙasa, babu wannan a Doom, muddin dodo na saitin gabanka ko yana kan tudu harsashi zai same shi. Canza makami ne abin haushi don sai ka haɗa maɓallai, shi ya sa ka zaɓi abin da za ka riƙe tun kafin ka buɗe ƙofa. Ni dai shotgun nake ba kowa shawara, sojan da ke ɗauke da ita yana faɗuwa ka bi ta kanta ka ɗauka, ka matso kusa sannan ka saki. Roka kuwa kar ka kuskura ka harba ta a lungu, tare za ku tafi. Haka gangunan nan masu koren ruwa, in dodanni sun taru kusa da su harbi gangar daga nesa, aiki ya ƙare. In kuma ka ga iri biyu a fili ɗaya, ratsa tsakaninsu, ɗaya na kuskure ya sami ɗan'uwansa sai su kaure da faɗa kai kana gefe kana ajiye harsashi.

Ɓata hanya ya fi yawa a nan, saboda gawar dodo ɓacewa take bayan ɗan lokaci, ba kamar a kwamfuta ba da za ka gane inda ka bi ta gawarwaki. Yawaita duba taswira. Ƙofa mai shuɗi ko ja ko rawaya a gefenta sai da katin launinta, kar ka ɓata lokaci kana dannawa. Bango kuma in ka ga zanensa ya ɗan bambanta da na kusa da shi taɓa shi, sau da yawa ɗakin ɓoye ne da sulke ko makami.

Ba a sebin, wato adana inda ka kai, a tsakiyar mataki, sai ka ƙarasa shi, to in jar fitilar batir ta kama kar ka soma sabo, canza batiran AA ɗinka biyu tukuna. Kuma kar ka yi ta tara harsashin BFG, bindiga mafi ƙarfi a gem ɗin, kana jiran ƙaton dodon nan Cyberdemon, babu shi a na GBA, dodon da ake kira Baron of Hell ne mafi taurin kai da za ka haɗu da shi, a kansa za ka ƙarar da roka da harsashin bindigar plasma.