Ƙyanƙyasa da inji a gida: hunturu daban, bazara daban

Takardar da ke zuwa cikin kwalin injin ƙyanƙyasa ba ƙarya ta yi ba: zafi digiri 37.5, kwana 21, a riƙa juya ƙwai. Sai dai wanda ya rubuta ta bai san hunturun Zariya ba, bai san zafin watan Afrilu ba, balle ɗauke wuta tun hantsi har bayan isha'i. Ni a ɗakin zaure nake ƙyanƙyasa da ɗan ƙaramin inji mai fanka, kuma waɗannan abubuwa uku su ne suka fi cinye wa mutanenmu ƙwai.

Amma tukuna, ƙwan kansa. Ƙwan kireti na shago ba ya ƙyanƙyasuwa, don kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara. Ka nemi na gidan da ka ga zakaran da idonka, kuma kada kajin da yake bi su wuce goma. Ƙwan da ya haura mako guda a ajiye ya fara rauni. Ka ware mai tsaga, da mai ƙazanta, da wanda ya cika girma ko ƙanƙanta. Kada ka wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa yana tafiya da shi. Kafin su taru, ka jera su a kireti, tsinin yana kallon ƙasa, ka ajiye a gindin randa inda ke da sanyi-sanyi. Firji bai dace ba.

Ka kunna injin ya yini ya kwana babu komai a ciki. Ka sayi ma'aunin zafi na kemis, irin wanda ake sa wa yara a hammata, ka ɗora shi daidai tsayin da ƙwai zai zauna, ka gwada shi da lambar da ke fuskar injin. Ƙananan injinan nan sukan yi kuskuren rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri a kwana 21 ba wasa ba ne: in ya yi sama su fito da wuri a raunane, in ya yi ƙasa su makara.

Inda za ka ajiye shi ya fi irin injin da ka saya muhimmanci. Inji ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Daga Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano babu silin yakan kai digiri 40 da azahar, to a nan ko injin ya kashe kansa ƙwan na dahuwa. Sanyin 'yan sa'o'i jinkiri kawai yake jawowa, zafin 'yan sa'o'i kuwa kisa yake yi. Don haka a bazara ɗakin ƙasa ko soro nake nema masa, nesa da taga. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki, shawarata ya haƙura sai ruwa ya sauka.

In an ɗauke wuta, kada ka buɗe. Ka lulluɓe shi da bargo, ka bar ramukan iska a sarari, domin ɗan da ke cikin ƙwai ta ɓawo yake numfashi. In abin ya ja, goran ruwan ɗumi a naɗe da tsumma yana taimakawa. Amma maganar gaskiya, kafin ka sayi inji ka fara tanadin batir da sola. Akwai injinan da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, su nake ba mutane shawara.

Sai danshi, wanda nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Ana son kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. A hunturu iska a bushe take ƙayau, ruwan da ka zuba da safe kafin la'asar ya ƙafe. Abin da ke ƙara danshi faɗin fuskar ruwan ne, ba zurfinsa ba, saboda haka ƙara faranti ko jiƙaƙƙen soso ya fi cika kofi. A watan Agusta kuwa akasin haka ne, wani lokacin rabin ruwan ma ya yi yawa. Kuma ruwa mai ɗumi za ka zuba, ba na randa ba.

Ƙwan da kansa zai gaya maka ko danshin ya yi daidai. A kwana na 7, da dare, ka kashe fitila ka kafa tocilar waya a gefen ƙwan mai faɗi. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya, wani lokacin har yana motsi. Wanda haske ya ratsa fes ba komai, babu zakara a cikinsa. Mai jan zobe kewaye kuwa ya fara ya mutu. Ka fitar da su, don baragurbi in ya fashe a inji sai ya ɓata sauran. Sannan ka lura da ɗan sararin iska da ke can saman faɗin. Kullum ƙaruwa yake, kuma zuwa kwana 18 ya kamata ya kai wajen kwatan ƙwan ko ɗan fiye. In ya yi ƙanƙanta, ruwa ya yi yawa. In ya yi girma tun da wuri, ƙara ruwa.

Juyawa ba ta da wuya. In injin ba ya yi da kansa, ka sa alama da fensir a gefe biyu, ka juya bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i, da hannu wankakke busasshe. Sau uku ko sau biyar, ba biyu ko huɗu ba, don kada ya riƙa kwana a gefe guda kullum.

Daga kwana 18 ka daina juyawa, ka ƙara ruwa, ka shimfiɗa tsohon tawul, ka rufe. Yanzu aikinka hana kanka da yaran gida buɗewa. Daga lokacin da ɗan tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yakan ɗauki sa'a 12 har 24, yana hutawa yana zuƙe sauran gwaiduwa. Duk buɗewar da ka yi, musamman a hunturu, fatar ciki na bushewa ta manne masa. Ɓare masa ɓawo kuma yawanci jini yake jawowa. Ka bar waɗanda suka fito su bushe a ciki, gwaiduwar da suka zuƙe tana riƙe su har kwana biyu. In kwana 23 ya wuce, abin da ya rage ba zai fito ba. Ƙwan zabi kuwa sai kwana 26 zuwa 28, kada ka gaji ka zubar.

Ɗakin renonsu ka ɗumama shi tun kafin su fito. Ka zuba ɓuntun shinkafa ko ɓarzar katako, ka rufa buhun algarara a kai na 'yan kwanakin farko don kada su ci. Jarida da leda suna da santsi, suna raba musu ƙafafu. Makon farko suna son digiri 32 zuwa 35, kana rage kamar 3 duk mako. Ko babu ma'auni, ka kalle su: in sun cure wuri guda suna kuka, sanyi ne, in sun gudu bango suna haki, zafi ne, in sun bazu suna tsattsaga, ka je ka kwanta. Mai amfani da gawayi ya bari ya ruru a waje tukuna, ya kange shi, ya kuma bar kafar iska, don iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe su, har da mai su.

Ruwa kafin abinci. Ka tsoma bakin kowanne sau ɗaya, ka zuba tsakuwa a mazubin don kada su faɗa su jiƙe. Tsakin gero ko na masara shi kaɗai ba ya gina su. Ka sayi abincin 'yan tsaki na buhu ko da na wata guda ne. Kana duba bayansu, in kashi ya toshe ka goge da ruwan ɗumi.

Tsakon inji ba shi da uwar da za ta kare shi, saboda haka ka toshe ramin ɓera, ka kula da cinnaka, kada kuma ka sake su tsakar gida inda shirwa ke shawagi sai sun yi gashi sosai. Rigakafin cutar kaji ta Gumboro, da Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, a makonnin farko ake ba su, cikin ruwan sha. Malamin dabbobi zai tsara maka ranakun. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, na cikin masu yin su. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, ba ta kuma ajiyuwa in an buɗe, don haka ku haɗu da maƙwabta, a ɗauko ta cikin ƙanƙara, a ba su da sanyin safiya a ruwan rijiya, ba na famfo mai magani ba.